Shiri na Musamman: Hazon Hunturu da Masu Ciwon Asma

Yau shirin namu zai duba halin da masu ciwon asma ke shiga idan hunturu ya kankama.

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris, iskar arewa maso gabas kan kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi. Cikin 'yan kwanaki sai hazo ya rufe Maiduguri da Damagaram da Kano. Rana ta dusashe, hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta fitar da gargaɗi, wani lokaci ma jirage su kasa sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano.

Manyan ƙwayoyin ƙura, irin waɗanda ke kwanciya a gilashin mota, hanci yana tare yawancinsu. Masu haɗarin su ne ƙananan da masana ke kira PM2.5, waɗanda silin gashi ya fi su kauri wajen sau 30. Su kan zarce har cikin huhu. Mai asma kuwa dama hanyoyin numfashinsa a kumbure suke, da ƙwayoyin sun taɓa su sai tsokar wurin ta tsuke, majina ta taru, ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara kamar fito.

Gari ma yana ƙara nasa. Da asuba, iska mai sanyi kan kwanta a ƙasa ta hana hayaƙi tashi. Hayaƙin janareto da na Adaidaita Sahu, da na bola da tayoyin da ake ƙonawa don jin ɗumi, duk su tsaya daidai hancin mutane, a lokacin da yara ke tafiya makaranta. A cikin ɗaki kuma ga kaskon gawayi, ga turaren wuta, ga tagogi a rufe.

Birnin Landan ya ɗanɗana irin wannan haɗuwa a Disambar 1952, lokacin da hazo ya gauraya da hayaƙin kwal na kwana 5, mutane aƙalla 4,000 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da asma, kuma cutar ta yi sanadin mutuwar mutum 455,000.

Likitoci na ba da shawarar mai asma ya rage fita da sassafe a ranar da hazo ya yi kauri, ya sa takunkumi, irin N95 idan da hali, a kuma yayyafa ruwa kafin shara. Maganin shaƙa na gaggawa, irin su Ventolin, ya kasance a aljihu. Wanda likita ya ɗora a kan maganin kariya na kullum kada ya daina don ya ji sauƙi.

Iyaye, idan yaro ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko ya shaƙi magani bai lafa ba, a garzaya da shi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.