NEMAN HAIHUWA BAYAN SHEKARU SUN JA: A JE A YI GWAJI KO A CI GABA DA SHAN MAGANI?



'Yan uwa, wata baiwar Allah daga wajen Aujara ta turo tambaya. Ta ce shekarunta 39, ta haifi biyu a aurenta na fari, yanzu shekara uku ke nan da sabon aure ko ɓatan wata ba ta yi ba. Ta sha rubutu, ta sha saiwoyi, ta sha haɗin zuma da habbatus sauda. Ƙanwarta ta ce ta je asibiti a gwada ta, uwar mijinta kuma ta ce wannan rashin tawakkali ne. Tana tambaya: Malam, wanne zan bi?

Amsata a taƙaice: 'yata, ki je. Kuma ba ke kaɗai ba, ke da maigidan.

Haihuwa kyauta ce ta Allah. A ƙarshen Suratus Shura, aya ta 49 da 50, Ya bayyana cewa Shi ke ba wanda Ya so mata, Ya ba wani maza, Ya gauraya wa wani, wani kuma Ya bar shi babu. Annabi Zakariyya ya samu Yahaya bayan furfura ta rufe kansa, Saratu ta haifi Ishaƙa tana tsohuwa. Nana A'isha kuwa, duk darajarta, ba ta haihu ba. To kin ga rashin haihuwa ba alamar fushin Allah ba ne. Amma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce mu da neman magani, ya kuma ce da mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Gwaji sanin cutar ne kafin a nemi maganinta, ina saɓaninsa da tawakkali?

Abin da ya sa nake gaggauta ki shi ne lokaci. Ana haifar 'ya mace da dukkan ƙwayayenta, kimanin miliyan ɗaya zuwa biyu. Kafin ta balaga sun koma wajen 300,000 zuwa 400,000, kuma raguwa suke yi, ba a ƙera sabo. Daga shekara 35 raguwar na ƙara sauri, bayan 40 ta fi tsanani, har al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin 45 da 55. Shi ya sa likitoci suka sa ƙa'ida: mai ƙasa da 35 ta je bayan shekara ɗaya ana tare babu ciki, mai 35 zuwa sama bayan wata shida, wadda ta kai 40 kuwa kada ta jira komai.

Bari in faɗa muku laifina. A farkon fara sana'ar nan na riƙe wata mata shekara huɗu ina ba ta jiƙo, duk wata ta dawo in canza haɗi. Ranar da suka gaji suka tafi Kano, sai aka tarar ita lafiyarta ƙalau, matsalar a wajen mijin take. Lokacin ta kusa 43. Wallahi har yau in na tuna sai na yi istigfari, don ni na cinye mata shekarun nan. Tun daga ranar ba na ba macen da ta haura 35 magani sai na ga takardar asibiti.

GWAJE-GWAJEN DA AKE YI

1. Awon maniyyi. Da shi ya kamata a fara, don ya fi sauƙi, ba allura ba ciwo. A kusan rabin ma'auratan da ke neman haihuwa, akwai hannun matsalar namiji. Maza, ƙarfin kwanciya daban, ƙwayar haihuwa daban. Haihuwar da ka yi shekara goma baya ma ba hujja ba ce. Ciwon suga, ciwon sanyi na saduwa, hangum da ya kama mutum bayan balaga ya sauka maraina, sigari, tiramol da allurar ƙarin ƙarfin maza duk suna rage ta. Za a ce ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, a kai samfurin ɗakin gwaji cikin awa ɗaya. Masu jin nauyin yadda za a fitar, ya halatta ta hannun matarka. In sakamako bai yi kyau ba a maimaita, domin sabon maniyyi na ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya nuna.

2. Gwajin jinin mace. Ana duba ko tana sakin ƙwai, wajen kwana bakwai kafin al'ada mai zuwa. Ana duba sinadarin maƙoƙo da na ruwan nono. Wadda nononta ke ɗiga alhali ba ta shayarwa, ta faɗa wa likita, wannan sau da yawa ƙwaya ce maganinsa.

3. Sikanin, don ganin ƙari a mahaifa ko ƙuraje a ma'ajiyar ƙwai.

4. Hoton bututun mahaifa, wanda suke kira HSG. Ana yin sa bayan an yi tsarki, a ga ko hanyar a buɗe take. Sanyin da ba a magance ba, da ciwon bayan ɓari ko bayan haihuwa, suna toshe ta. Mu nan da muke da fadama da noman shinkafa, mai tarihin tsargiya, mace ko namiji, ya ambata, don tana taɓa hanyoyin haihuwa.

Ku fara da Babban Asibitin Jahun. In abin ya fi nan, a tura ku asibitin Rasheed Shekoni a Dutse ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ki nemi likita mace. In babu, larura ta halatta namiji, da mijinki ko ma'aikaciyar jinya a ɗakin.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Kada ki yarda da yankan gishiri. Ba ya kawo ciki, yoyon fitsari yake kawowa. Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a asibitinmu na Jahun, ana yi wa mata masu wannan larura ɗinki, ku tambayi waɗanda suka kwanta can irin wahalar. Kada ki cusa kanwa, ganye ko wani matsi a gaba. Kada ki sayi ƙwayar sakin ƙwai a kemis don maƙwabciya ta sha ta dace.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Ƙwai na fita wajen kwana 14 kafin al'ada mai zuwa, kuma bai wuce kwana ɗaya da rai, maniyyi kuwa yana kai kwana biyar. Don haka a yawaita kusantar juna a makon da ya gabaci wannan ranar. Masu mata biyu ko uku, rabon kwana kan sa a yi ta saɓa wa kwanakin nan. A nemi alfarmar abokiyar zama a yi musaya da yardarta, shari'a ta yarda.

Dabino, zuma, zogale, wake, kifi da ɗan habbatus sauda abinci ne masu albarka, suna gina jiki. Amma ni mai sayar da su ina gaya muku, ba sa buɗe bututun da ya toshe, ba sa mayar da ƙwan da ya ƙare. Ki fara shan folik asid tun kafin ciki, a auna miki hawan jini da suga. In al'ada ta yi jinkiri, ki ajiye hulba da duk wani jiƙo har a gwada.

In likita ya kawo maganar IVF, wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar mahaifa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na birnin Amman a 1986 ta halatta shi bisa larura, da sharaɗin ƙwan matar ne, maniyyin mijinta ne, mahaifarta ce. Na wani ko na wata haramun ne, don kare nasaba.

Ku lizimci istigfari kamar yadda Suratu Nuhu ta kwaɗaitar, da addu'ar Annabi Zakariyya da ke Suratul Anbiya'i aya ta 89, musamman a sujada da sulusin dare na ƙarshe. Uwar miji kuma, Hajiya, a yi mata bayani da ladabi, kuma ɗanta ne ya kamata ya yi, ba suruka ba.

Allah Ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, waɗanda bai ƙaddara wa ba Ya sanyaya zukatansu. Allah ne Mafi sani.

A tura wa 'yan uwa, musamman maza.

Wassalamu alaikum.