Idan Rigar Amarya Ta Ƙi Shiga, Biki Saura Kwana Uku

Ranar Alhamis da daddare aka kawo rigar, ɗaurin aure kuwa ranar Lahadi. Ƙanwata ta shiga ɗaki ta saka, mu muna tsakar gida muna jira ta fito a rangaɗa guɗa. Shiru, shiru. Da na leƙa sai na tarar da ita gaban madubi tana hawaye. Zif ya hau zuwa tsakiyar baya ya tsaya cak, hannun rigar kuma ya matse ta har ba ta iya ɗaga hannu ta gyara ɗankwali. Leshi ne da aka sayo a Makola da kuɗin adashin watanni, an kuma riga an yanka shi.

"Yaya, ni na fasa fita walimar," abin da ta iya cewa ke nan. Mma kuwa tana bakin ƙofa tana ta faɗa, wai ai tun farko ta ce a kai wa tsohuwar telarmu, muka ƙi ji.

Duk wadda ta tashi a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Aboabo ta Kumasi ta san irin wannan dare, ko a gidansu ko a maƙwabta. Amaryar zango ba riga ɗaya take sakawa ba. Akwai ta ranar lalle, akwai ta ɗaurin aure, akwai ta walima, ga kuma yayi da ƙawaye da dangi za su ɗinka. Riga ɗaya ta ɓaci, sai ka ga gida ya rikice, a manta da duk sauran da suka yi daidai.

Daga ina matsalar take farowa?

Yawanci ba a daren gwaji abin yake lalacewa ba. Tun ranar awo ne. Da yawa daga cikinmu, da tela ya ɗauko tef sai mu haɗiye ciki, mu riƙe numfashi, ko mu ce a rage inci biyu wai za mu rame kafin biki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Awon da aka yi wa cikin da aka haɗiye, rigarsa ba za ta bari a zauna ko a ci abinci ba. Kuma jikin amarya ba ya tsayawa wuri ɗaya: wata zirga-zirga da tunani su ramar da ita, wata kuma gyaran jiki da kunun da gwaggonni ke ɗura mata su cika ta. Awon wata uku da suka wuce ba na yau ba ne.

Sai maganar ma'auni. Telolinmu a Gana da inci suke aiki, na Lome da Abijan da Wagadugu kuwa da santimita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Wadda ta tura awo ta WhatsApp zuwa ƙetaren iyaka ba ta rubuta ma'aunin ba, ta buɗe ƙofar kuskure da hannunta. Akwai ma wani tef mai araha da ke shigowa daga Sin, wanda incinsa na can ne, ya kai kusan santimita 3.3. Wadda aka auna da shi, lambar da za a rubuta mata za ta gaza ainihin jikinta nesa ba kusa ba. A ɗora tef ɗin a kan rula ta 'yan makaranta a gani, ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Masu yin oda ta intanet su ma suna da nasu. Lamba 12 ta Ingila ita ce kusan 8 a Amurka, 40 a yawancin Turai, kayan Sin kuma sun saba zuwa a tsuke. Lambar da ke wuyan riga ba abin dogaro ba ce. A nemi awon ƙirji, ƙugu, kwankwaso da tsawo a rubuce, a gwada da na jiki.

Na ƙarshe shi ne lokaci. Bukukuwanmu kan taru kafin azumi da bayan Sallah, daidai lokacin da aiki ya yi wa tela yawa. Ya karɓi na mutum ashirin, ga ɗaukewar wuta, sai ya miƙa wa yaran shago su ƙarasa cikin dare. Rigar da aka karɓo ana gobe biki, ko ta ɓaci babu sararin gyara.

Abin da ke gyaruwa da wanda ba ya gyaruwa

Abu na farko, a daina jan zif da ƙarfi. Leshi idan ya yage a bakin zif, aikin ya ninka. A cire rigar a juya cikinta a duba gefe da gefe: nawa tela ya bari na rara a bayan ɗinki? Wannan rarar ita ce za ta faɗi abin da zai yiwu.

Idan rigar ta yi yawa, an yi sa'a. Ragewa ta fi ƙarawa sauƙi, domin yadin yana nan. Ana tsuke gefe, a kama baya, a ɗage kalmasa. Wahalar kawai idan an jera duwatsu ko an yi aiki a kan ɗinkin, sai an cire su ɗaya bayan ɗaya da hannu, a mayar bayan an gama. Wannan aikin yini ne, a ba shi lokacinsa.

Idan ta yi kaɗan, hanya uku ce. Ta farko, a warware gefe a saki rarar. Inda aka bar rabin inci a kowane ɓari, gefe biyu za su iya ba da kusan inci biyu a zagaye. Sai dai a lura, shadda da satin suna nuna sawun allurar farko, leshi da atamfa kuwa suna ɓoyewa. Ta biyu, a tsaga gefe a sa ƙarin ƙyalle daga hammata zuwa ƙugu. Gwanin tela yakan sa shi ɓangare biyu daidai wa daida, har mai kallo ya ɗauka salon ɗinkin ne. Ta uku, a cire zif gaba ɗaya a sa igiya mai zarge a baya, wadda ake ja a sassauta yadda jiki yake so. Ga amaryarmu, dole a ɗinka ƙyalle mai shafi a ƙarƙashin igiyar don kada baya ya fito.

Hannu da ya matse yakan saki idan aka sa ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata. Gajartar riga ana cike ta da bakin leshi ko wani yadi da ya dace. Wuyan da aka zurfafa fiye da yadda aka ce, ana rufe shi da leshi mai shafi ko rigar ciki mai launi ɗaya, ba sai amarya ta wuni tana jan mayafi tana kare ƙirji a gaban surukai ba.

Wurin da ya fi wuyar gyara shi ne kafaɗa. Idan an yanka ta a ƙuntace, sau da yawa sai an sake saman rigar ɗungurungum. A nan gara a faɗa wa juna gaskiya da wuri, a ɗauko wata daga cikin kayan lefe, da a kwana ana facin da ba zai zauna ba.

Abin da bai kamata a yi ba shi ne a ce jiki ya bi riga. Amarya ta ƙi cin abinci kwana uku, ko ta sha shayin rage ƙiba mai sa gudawa, ta zo ta tsaya cikin zafi da hayaniya da nauyin kaya, jiri ne zai kwashe ta a tsakiyar taro. Riga ake gyarawa.

Wa zai biya?

Nan ne zumunci yake tsinkewa, don telan sau da yawa ɗan unguwa ne ko ma dangi. Littafin Risala da ake karantawa a makarantunmu ya yi maganar masu sana'a: a mazhabar Malikiyya, mai sana'ar da ya karɓi kayan mutane ya tafi da su wurin aikinsa, shi ke da lamunin abin da ya salwanta a hannunsa. To amma kafin a ɗora wa tela laifi, sai an san awon da aka ba shi. Idan amarya ce ta ce a rage, ko ita ta turo lambar da ba daidai ba, magana ta canza. Shi ya sa ake so awo ya zama a rubuce, kowa da nasa, da hoton salon da aka zaɓa, da ranar karɓa. A ba da kafin alƙalami, cikon kuɗi sai bayan gwaji. Kuma zagin tela a Facebook ko TikTok bai taɓa ƙara wa riga inci ko ɗaya ba.

Kafin a kai ga kuka

A sa ranar karɓa ta zama mako biyu kafin biki, kada a faɗa wa tela ranar ɗaurin aure a matsayin ranar karɓa. A ce masa ya bar rarar inci ɗaya a kowane gefe, kada ya datse. A karɓo ragowar yadi komai ƙanƙantarsa. A gwada aƙalla sau biyu, da rigar mama da takalmin da za a saka ranar. Wurin gwaji kada a tsaya gaban madubi kawai: a zauna, a durƙusa kamar za a gaida manya, a ɗaga hannu sama, a yi ruku'u. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ranar biki kuma wata ƙawa ta riƙe allura, zare mai launin rigar, fil da ɗan almakashi a jakarta.

Ita ƙanwata, da asubar Juma'a muka koma shagon da aka yi ɗinkin, muka zazzage buhun ƙyallaye har muka samo ragowar leshinmu. Muka kai wa tsohuwar telar da Mma take faɗa. Ta juya rigar, ta girgiza kai, ta ce mu dawo bayan la'asar ranar Asabar. Ta cire zif ta sa igiya, ta rufe bayan da shafi, ta saki hammata. Ranar Lahadi ƙawaye biyu suka tambayi amarya wa ya yi mata wannan salon baya. Mma tana gefe tana jin su, ba ta ce komai ba, amma har yau idan maganar ta taso sai ta tuna mana wa ya fara faɗa.