Yarinyar da ke cikin hoto: wa ya sa a zana ta?

Duk mai naira goma a aljihu ya fito da ita ya juya bayanta, ko da yake mun san yanzu ko alewa da ƙyar take saye. Za ku ga 'yan matan Fulani biyu ɗauke da ƙoren nono. Shekara da shekaru muna juya su a hannu daga kasuwar Sabon Birni zuwa ta Isa, amma babu sunansu a jikin takardar. A gaban kuɗin kuwa an rubuta sunan namijin da ke wurin, Alvan Ikoku. Wannan ne ya sa muka leƙa hotunan 'yan mata da masu zanen Turai da Amurka suka yi da fentin mai, muna tambayar kowanne: wace ce wannan, kuma me ya sa aka zana ta?

Fentin mai garin launi ne da ake niƙawa a kwaɓa da man tsirrai, a shafa a kan ƙyalle mai kauri da aka ɗame a jikin katako. Ba ya saurin bushewa, don haka mai zane yana da damar gyarawa, ya ɗora launi kan launi har fata ta fito kamar a taɓa. Aikin yana cin lokaci da kuɗi. Kafin a ƙirƙiro kyamara, sai mai hali ake zana wa 'ya.

A shekarar 1656 Diego Velázquez, mai zanen fadar Sarkin Sifen Philip na Huɗu, ya zana Gimbiya Margarita tana shekara biyar, kuyangi na kewaye da ita. Hoton yana gidan tarihi na Prado a birnin Madrid. Amma akwai wasu hotunanta, ɗaya da riga fara, ɗaya da shuɗiya, waɗanda suke can Vienna ta ƙasar Ostiriya. Me ya kai su can? Aika su ake yi fadar da za a kai ta aure, don dangin miji su riƙa ganin yadda take girma. Mijin shi ne Sarki Leopold na Ɗaya, wanda kawunta ne, ɗan uwan mahaifiyarta. An ɗaura auren a 1666 tana shekara 15. Ta haihu sau huɗu, 'ya ɗaya ce kawai ta rayu, ita kuma ta rasu a 1673 tana shekara 21. Tun da muka san haka, ƙyalƙyalin rigar ya daina burge mu kamar da.

Wata kuma ko suna ba ta da shi. Yarinya mai ɗan kunnen lu'ulu'u da Johannes Vermeer ɗan ƙasar Holan ya zana wajen 1665, da ɗankwali shuɗi a kanta, ta shahara a duniya, amma har yau masana ba su tabbatar da ko wace ce ba. Ita da 'yan matan naira goma jirgi ɗaya ya kwaso su. Ta fi su sa'a Adetutu Ademiluyi, 'yar gidan sarautar Ife, wadda Ben Enwonwu na Najeriya ya zana da irin wannan fenti: hoton yana ɗauke da sunanta, Tutu, kuma a 2018 an sayar da shi a Landan kan fam miliyan 1.2.

Hoton da ya fi tsaya mana a rai daga Amurka yake. Ranar 14 ga Nuwamba 1960, mako shida bayan Najeriya ta sami 'yancin kai, wata yarinya baƙar fata mai shekara shida, Ruby Bridges, ta shiga makarantar firamare a birnin New Orleans wadda a da 'ya'yan Turawa kaɗai ke shiga. Kotu ce ta ba da umarni, amma jama'a suka taru a ƙofa suna zagi, sai da jami'an tsaro huɗu suka raka ta. Iyaye suka janye 'ya'yansu. Malama ɗaya, Barbara Henry, ita ta koyar da Ruby, ita kaɗai a aji, kusan shekara guda.

Norman Rockwell ya zana wannan tafiya, mujallar Look ta buga hoton a 1964. Ku lura da dabararsa. Jami'an huɗu ba a ganin kawunansu, gefen hoton ya yanke su daga kafaɗa. Masu zagin ma ba a nuna su ba, sai tumatirin da suka jefa ya fashe a bango, da mummunar kalmar da suka rubuta. Fuska ɗaya ce a hoton, ta yarinyar, sanye da farar riga, littattafai da rula a hannu, tana kallon gabanta.

Ba sai an yi wa ɗalibar Isa ko Sabon Birni dogon bayani ba. Matsalar Ruby wariyar launin fata ce, tamu kuwa 'yan bindiga, amma mun san fitowa da safe a wuce shingen jami'an tsaro, uwa na tsaye bakin ƙofa tana addu'a. Mun kuma san kujerun da suka zama babu kowa a ajinmu, wasu saboda gudun hijira, wasu saboda aure.

Mun san akwai malamai da iyayen da ba sa son zanen abu mai rai, kuma muna girmama ra'ayinsu. Mai sha'awar fannin kuwa, ana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, garin da ɗalibai suka kafa shahararriyar ƙungiyar masu zane a 1958. Mun liƙa kwafin hoton Ruby a ƙasan wannan takarda. Don Allah a kalla da ido, ban da hannu, guda ɗaya muke da shi.