Gabi: in allon kwamfuta ya fara lotsawa yana ƙara

Garin Gabi yana kudu da Maraɗi, cikin gundumar Madarunfa, ba nisa da iyakar Najeriya, a bakin gulbin nan da ya ɗauki sunansa. Ƙasa ce ta manoma da makiyaya da masu itace na dajin Baban Rafi. Amma tun da aka kafa ƙananan hukumomi, aka yi zaɓensu na 2004 wanda ya zaunar da su, aikin takarda ya yi ta gangarowa daga birni zuwa karkara, kuma tare da shi kwamfutar hannu ta zo, watau wadda ake rufewa kamar littafi a sa cikin jaka. Yau malamin makaranta da ma'aikacin gona da magatakardan ƙungiyar manoma duka da ita suke rubuta rahoto. Ranar da ta ƙi aiki kuwa, rahoton ya tsaya, sai an nemi kuɗin mota an kashe yini guda a Maraɗi.

Dalilin wannan bayani shi ne wani malamin yaƙi da jahilci da muka tarar a wani ƙauye na ƙasar Gabi. Ya sayi tasa ta hannu, watau wadda wani ya riga ya yi aiki da ita a Turai. In ya danna haruffan tsakiya sai allon madannai ya lotsa kamar rufin kwano da aka taka, yana ƙas-ƙas, har matarsa ta hana shi aikin dare. Abokai suka ba shi shawara ya tsiyaya gam mai kama ƙarfe a gefen allon. Allah ya taimake shi bai yi ba. Wani saurayi mai gyaran wayar salula ya kife ta bisa tabarma, ya nuna masa ramuka biyu da babu sukuru a cikinsu. Aka samo biyu daga wata matacciyar kwamfuta aka ɗaure, ƙara ta ɗauke.

Domin mai karatu ya gane, sai mu faɗi yadda aka ƙera abin. Kowane madanni yana zaune bisa wasu ƴan robobi biyu da aka gicciya kamar almakashi, a tsakiyarsu da ɗan kumburin roba wanda ke mai da madannin sama in an ɗaga yatsa. Ƙarƙashin wannan akwai fallayen leda masu ɗauke da hanyoyin wuta, sa'an nan duka an shimfiɗa su bisa farantin ƙarfe wanda kaurinsa bai fi na gwangwanin madara ba da yawa. Farantin nan ba ya da ƙarfin kansa. Abin da ke riƙe shi, ƴan haƙoran roba ne a gefe, da sukurori da ke shigowa daga bayan kwamfutar. In haƙori ya karye, ko sukuru ya kwance ya faɗi, ko tun asali maƙera sun bar sarari tsakanin farantin da ƙashin da ke ƙarƙashinsa, to duk dannawa sai ƙarfe ya sauka ya bugi abin da ke ƙasa ya koma. Lotsawar ke nan, ƙarar ke nan.

A ƙasarmu sukuru ya fi saurin ɓacewa. Kwamfuta tana shan hanyar burji a bayan babur, kuma mafi yawan waɗanda ke zuwa hannunmu an sha buɗe su kafin su iso, mai buɗewa kuwa ba kullum yake mai da abin da ya cire ba. Akwai kuma laifinmu mu ma'aikata. Waɗanda suka koyi aiki bisa keken rubutu na da, inda sai an buga da ƙarfi harafi ke fita a kofi na uku, har yanzu haka suke dukan allo, alhali wannan taɓawa kaɗai yake so.

Amma kafin kowa ya ɗauki turnabis, akwai abu guda da ya wajaba ya duba, kuma shi ne mafi girma cikin maganar nan. A ɗora kwamfutar bisa tebur mai daidai, a dube ta daga gefe. In allon lotsawa yake yi ƙasa, da sauƙi. In kuwa tasowa ya yi sama kamar kullun da ya kumbura, ko wurin da ake goga yatsa ya ɗago ya ƙi dannuwa, ko murfin ya daina rufuwa sarai, to batir ne ya kumbura daga ciki yana tura komi. Batirin lithiyom in ya tsufa, ko ya sha zafi, yakan tara iska a cikinsa, kuma zafin Afrilu da Mayu a jihar Maraɗi, wanda ke wuce digiri 40, ba ya yi masa daɗi, balle in an bar kwamfuta bisa katifa ko cikin mota a rufe. Irin wannan batir yana iya kama wuta. Ba sabon abu ba ne: a watan Agusta na 2006 kamfanin Dell ya nemi a maido masa batir fiye da miliyan 4 saboda wannan haɗari. Kada a danne shi, kada a huda shi, kada a ƙara sa masa caji. A kashe na'urar, a ajiye ta a inuwa bisa yashi, nesa da ɗakin ciyawa da rumbu, a kai ta ga mai gyara. Tsohon batirin kuma ba a jefa shi cikin juji inda za a cinna wuta.

In an tabbata batir lafiya yake, sai a fara da abin da ba ya cin ko dala. A cire wayar caji, a kashe kwamfutar, a fitar da batir in irin mai fita ne. A kife ta, a bi sukurorin baya ɗaya ɗaya. Wasu maƙera, kamar masu ThinkPad na da, sukan zana ɗan hoton allo kusa da ramin da ke riƙe shi. A ɗaure wanda ya kwance har ya tsaya, kada a matsa fiye da haka, don mazauninsa cikin roba yake. Wanda ya ɓace a nemi mai tsawonsa daidai. Nan ake yawan yin ɓarna, domin sukurorin ba tsawonsu ɗaya ba, kuma dogo in ya shiga ramin gajere sai ya huda babban farantin da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar na'urar. Saboda haka mai hankali yakan zana bayan kwamfutar bisa takarda, ya ajiye kowane sukuru a wurinsa na zanen.

In ƙara ba ta ɗauke ba, sai a ɗaga allon. Kafin a sa hannu a taɓa ƙofar ƙarfe ko wani ƙarfe babba, musamman lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe har riga ke tartsatsi in an tuɓe ta da dare. Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe kayan ciki. A tura haƙoran gefe da wani abu na roba mai faɗi, ba wuƙa ba. A ɗaga a hankali, domin akwai wata waya mai faɗi kamar kintinkiri da ta haɗa allon da ciki, tana da ɗan makulli wanda ake ɗagawa da farce kafin a zare ta. Wanda ya fizga ya sayi sabon allo.

Sa'an nan a duba inda sararin yake, a liƙa salatif mai danko fuska biyu a wurin, yanki biyu ko uku, bisa ƙashi mai ƙarfi kaɗai. Kada a rufe hanyar fanka ko ramukan iska, kada a ɗora bisa abin da ke ɗaukar zafi. Kada kuma a cika kauri: in allon ya taso fiye da kima, madannai za su riƙa gogar gilashi duk sa'ad da aka rufe murfi, gilashi kuwa ya fi allo tsada nesa ba kusa ba. Gam mai ruwa kam babu shi cikin wannan aiki, yana gangarawa cikin almakasan ya daskarar da su.

In madanni guda ne ke ƙara, sau da yawa tsakuwa ce ko ɓawon gyaɗa ya shiga ƙarƙashinsa. A karkata kwamfutar a share da busasshen buroshi. Dogon madannin nan na barin fili tsakanin kalmomi yana da ɗan ƙarfe siriri a ƙasa, in ya fita daga mazauninsa sai a mai da shi. Ƙura kuwa ba mu kaɗai ta dama ba. A 2015 kamfanin Apple ya fito da wani allo siriri ƙwarai wanda ɗan ƙwayar ƙura ke hana shi aiki, har a 2018 ya shiga gyara wa mutane kyauta, daga 2019 kuma ya fara komawa ga almakashi.

Akwai kwamfutoci na baya-bayan nan da ba a ɗaga allonsu ta sama, an narka roba an manne shi da murfin gaba ɗaya. Waɗannan a bar wa masu gyara na Maraɗi ko Katsina. Mai sayen sabon allo kuma ya tafi da lambar kwamfutarsa, ya duba jerin haruffa: na Faransanci, wanda muka saba da shi a ofisoshinmu, yana farawa da A Z E R T Y, na Ingilishi da ke zuwa ta Kano yana farawa da Q W E R T Y. Ko wanne ya saya, ba zai tarar da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ a kai ba. A zamanin keken rubutu da alƙalami ake ƙara musu lanƙwasa bayan an gama bugu. Yau da manhaja irin Keyman ake fito da su, ba sai an canja allo ba.

Kafin a samu zuwa birni, ana iya jona allon kwamfutar tebur ta kafar USB a ci gaba da aiki. Malamin da muka ambata kuwa, a daren nan ya ƙare rubuta sunayen ɗalibansa na ajin manya, mata da maza, ya aika Madarunfa da safe.