Bangon da Ake Karantawa a Fadar Paparoma

A shekarar 1508 ne Paparoma Yuliyus na Biyu ya kira wani saurayi mai suna Rafayel, mutumin Urbino, wanda a lokacin bai wuce shekara ashirin da biyar ba, ya ɗora masa aikin ƙawata ɗakin littattafansa a fadar Batikan da ke birnin Rum. Kuma da yake al'adar masu zane na wancan zamani ita ce su sanya wa abin da ido ba ya gani, irin su hikima da adalci, jiki da tufafi na 'yan Adam, sai bangon ɗakin ya zama abin karantawa ga ma'abota basira.

A wani bango ya zana kyawawan ɗabi'u uku da siffar mata. Ta tsakiya, wadda ke wakiltar hangen nesa, fuska biyu gare ta: ta gaba ta budurwa ce tana duba madubi, ta ƙeya kuwa ta dattijo ce mai gemu, ishara zuwa ga cewa mai hankali yakan san kansa, ba ya kuma mance abin da ya gabata. Mai wakiltar kamun kai linzami ta riƙe, wanda duk mai doki ba ya bukatar a yi masa tafsirinsa. Jarunta kuwa tana sanye da sulke, ga zaki a jikinta, a hannunta reshen itacen da ke tambarin gidan su Paparoman; wannan kam fadanci ne, ko da yake an yi shi da gwaninta.

Amma zanen da ya fi shahara shi ne Makarantar Atina, wanda ya kammala a 1511, inda masanin falsafa Aflatun ke nuna sama da yatsa, yana nufin haƙiƙar da ke bayan zahiri, alhali almajirinsa Aristo ya shimfiɗa tafi wajen ƙasa, riƙe da littafinsa na ilmin ɗabi'a. Daga hagu, wani mai farin rawani ya sunkuya yana leƙen abin da wani masanin, Fisagoras, ke rubutawa. Ibn Rushd ne, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike, mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu na fiƙihu suka sani, wanda ya rasu a Marrakesh a 1198. Ta sharhohinsa ne malaman Turai da dama suka fahimci Aristo, shi ya sa ya sami wuri a bangon Paparoma.