Rob Burrow, gajeren da ya gagari ƙarti

Zari-ruga na 'yan wasa 13 a kowane ɓangare, wanda mutanen arewacin Ingila ke ji da shi, wasa ne na ƙarti majiya ƙarfi. Shi kuwa Rob Burrow tsayinsa santimita 165 ne kacal, nauyinsa ma bai kai kilo 70 ba. Tun yana yaro ake ce masa jikinsa bai isa wannan sana'a ba. Sai ga shi ya buga wa ƙungiyar Leeds Rhinos wasa 492 daga 2001 zuwa 2017, ya ɗauki kofin Super League sau 8.

Wasan ƙarshe na Super League na 2011 a filin Old Trafford shi ne wanda har yau ba a daina zancensa ba. Daga benci aka sako shi a karawarsu da St Helens. Ya karɓi ƙwallo a wajen tsakiyar fili, ƙarti biyu suka taso masa, ya sunkuya ya sulale ta ƙarƙashin hannuwansu, ya yi wa na baya gwaninta, ya je ya dangwala ƙwallon a bayan layi. Gajartar da ake yi masa gori da ita, ita ce ta fisshe shi. Leeds ta ci 32 da 16, kuma duk 'yan jarida 37 da suka jefa ƙuri'ar gwarzon wasa shi suka zaɓa.

Shekara biyu da yin ritaya, a Disamban 2019, likitoci suka gano yana da cutar MND, wadda ke kashe jijiyoyin da ke motsa gaɓoɓi, kuma ba ta da magani. Ƙafa ta tafi, hannu ya bi, murya ta ɗauke. Ya koma magana ta kwamfutar da yake sarrafawa da ido. Bai ɓuya ba. Ya bari aka ɗauki halin da yake ciki duniya ta gani.

A nan ne aka san abokin ƙwarai. Kevin Sinfield, tsohon kyaftin ɗinsu, ya yi gudun fanfalaki 7 cikin kwana 7 a Disamban 2020, saboda lamba 7 ce Burrow ke sawa. Fam 77,777 ya nufa ya tara don yaƙi da cutar, aka tara sama da miliyan 2. A watan Mayun 2023 kuma, a wani gudun fanfalaki, ya tura Burrow a keken marasa lafiya tsawon kilomita 42 a titunan Leeds. Da suka zo dab da layin ƙarshe sai ya tsaya, ya kwance maɗaurin keken, ya rungumo shi a ƙirji, ya sumbace shi, suka tsallaka tare.

Burrow ya rasu ranar 2 ga Yunin 2024 yana da shekara 41, ya bar mata da 'ya'ya uku. Washegari aka fara ginin cibiyar kula da masu cutar MND mai ɗauke da sunansa a asibitin Seacroft da ke Leeds.