Kasafin Kuɗin Birni da Al'amuran Unguwa: Misali daga Kano

Kalmar kasafi tsohuwa ce a Hausa, ta girmi takardun hukuma da shekaru masu yawa. Kunnen Bahaushe yana jinta kusa da aikin mai kasa kaya a kasuwa, wanda ya zube abin da yake da shi a tabarma ya raba kashi-kashi, wannan babba, wancan ƙarami. Mai kasafi ba ya ƙara kome a kan abin da ke gabansa, iyakacin aikinsa rabawa ne. Saboda haka idan aka ce hukumar wani gari ta yi kasafin kuɗinta na shekara, abin da aka faɗa shi ne ta zaɓi wanda za a fara ba, da wanda zai jira, da wanda ba zai samu ba ko kaɗan. Akwai wata kalma da ake amfani da ita a wannan fage, watau ƙiyasi, wadda aka aro daga Larabci, ita kuwa tana nufin kintacen abin da ake sa ran samu. Kalmomin nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma yawancin gardamar da ake yi a unguwanni game da hukuma ta taso ne daga nisan da ke tsakaninsu. An yi ƙiyasi mai faɗi a farkon shekara, kuɗin da suka zo hannu ba su kai ba, sa'an nan aka yi ainihin kasafin a ofis ba tare da kowa ya gani ba.

Birnin Kano ya isa misali a kan wannan al'amari, domin ya ga iri biyu na kasafi waɗanda suka saɓa wa juna tun daga tushe.

Kafin zuwan Turawa a 1903 ana karɓar zakka da kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi da jangali, ko wanne da hanyarsa da masu karɓarsa, kuma abin da ya isa fada yana hannun Sarki ne ya sarrafa shi yadda ya ga ya dace. A 1906 Gwamna Lugga ya yi dokar da ta nemi a harhaɗa waɗannan kuɗaɗe su zama haraji guda, a raba shi tsakanin Gwamnati da Sarki. Ba a daɗe ba sai aka kafa baitulmali na farko a Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, bisa shawarar Razdan Palmer, zuwa 1911 kuwa tsarin ya game manyan masarautun Arewa. Sunan na Larabci ne, ma'anarsa gidan dukiya, kuma an zaɓe shi da hikima, don ya sa sabon abu ya yi kama da wanda aka gada. Amma sabon abu ne ƙwarai. Daga ranar da aka buɗe baitulmali, Sarki da hakimai da alƙalai suka koma masu albashi, kuɗin jama'a suka rabu da aljihun mai mulki, aka kuma fara rubuta abin da za a kashe tun kafin a kashe shi. Da fari rabin harajin ne yake zama a baitulmali, rabi ya tafi ga Gwamnati. Daga baya aka ƙara wa manyan En'e-En'e kasonsu.

Wanda ya buɗe littafin ƙiyasin En'e na wancan zamani zai ga abin da hukumar ta ɗauka da muhimmanci daga jerin babobinsa kawai. Sarki da majalisarsa ne a sama, sai hakimai, sai dagatai, sai alƙalai, sai ma'aikatan baitulmali a ƙarƙashin Ma'aji, sai 'yan doka da gidan yari. Bayan an gama da waɗannan ne ake zuwa ga gine-gine da ilmi da asibiti da aikin gona da na daji. Watau an fara da masu tara kuɗin da masu tsare doka, aka ƙare da abin da talaka zai gani da idonsa. Duk da haka baitulmalin Kano, da yake shi ne mafi ƙarfi a Arewa, yakan sami rara, kuma da rarar ne aka yi ayyukan da har yau ake ambato. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953, En'e ta gina Asibitin Birni, wanda yanzu ake kira da sunan Murtala Muhammad, ta kuma jawo ruwan famfo daga Calawa tare da wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Ba daga Ikko aka aiko da kuɗin ba. Harajin manoman gyaɗa ne da 'yan kasuwa da masu sana'a.

A nan akwai abin da ya kamata a tsaya a kansa, gama shi ne bambancin da ya fi ko wanne girma. Kuɗin En'e daga ƙasa suke hawa. Mai unguwa ya san ko wane gida, ya san baligan da ke cikinsa. Shi ke miƙa wa na sama da shi, har abin ya kai ga Ma'aji. A ƙauye dagaci da hakimi ne, a cikin birni kuwa masu unguwanni da wakilan fuskoki huɗu, Gabas da Yamma da Kudu da Arewa. Hanyar nan ba ta da daɗi. Akwai zalunci a cikinta, akwai shanya mutum a rana, akwai wanda ya bar garinsu ya shiga uwa duniya don ya kasa biya, akwai kuma abin da yake maƙalewa a hannun masu karɓa. Ba don banza ba ne Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Wakilai ta Arewa a 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e baki ɗaya, ba kuma don banza ba ne jam'iyyar NEPU ta sami masu saurare a lungunan Kano. Amma mutumin da ya biya da guminsa, aka ba shi takardar shaida ya adana ta a aljihu, ya san cewa kuɗin nasa ne. In famfon unguwa ya lalace yana da bakin magana, ko da kuwa a zaure zai yi ta, murya ƙasa-ƙasa. Ita ma hukuma ta san in unguwa ta talauce, baitulmali zai ji a jikinsa a kaka mai zuwa.

Dokar En'e ta 1954 ta buɗe hanyar kafa majalisun gunduma da na gari, aka riƙa ba su ɗan abin da za su yi rijiya ko rumfar kasuwa da shi. Binciken da Mista Muffett ya yi a kan kuɗin En'e ta Kano a 1962, wanda ya kai ga murabus ɗin Sarki Muhammadu Sanusi a 1963, ya nuna cewa Gwamnatin Jihar Arewa tana iya sa hannu a baitulmali ko na wane ne. Bayan an ƙirƙiro jihohi a 1967 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran 1976 ya kawo ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk Nijeriya, ya ba su kaso daga asusun Tarayya. Sa'an nan a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, abin da talakawa suka yi murna da shi, kuma suna da dalilin murna.

To, daga nan ruwan ya sauya magudana. Yau ƙananan hukumomi 774 ne a Nijeriya, 44 daga cikinsu a Jihar Kano, kuma abin da ake kira birnin Kano ya rabu tsakanin guda takwas: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Dukansu daga sama kuɗinsu suke saukowa. Ƙananan hukumomin ƙasar suna da kashi 20.6 cikin 100 na asusun Tarayya, kuma sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa wanda kason yake bi ta cikinsa a ko wace jiha. Abin da hukuma take tarawa da kanta, na rumfunan kasuwa da tashar mota da mahauta da lasisi, kaɗan ne in aka gwada shi da wanda ake aiko mata. Ciyaman da ke neman kuɗi ba ya duban mai unguwa, sai ya dubi gidan gwamnati.

Tsarin mulki ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma a jadawali na huɗu, kuma wanda ya karanta su zai ga kusan dukansu al'amuran unguwa ne: maƙabarta, kasuwa, mahauta, makewayin jama'a, magudanan ruwa, kwashe shara, sa wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da sa hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya. A takarda kasafin ya kasu gida biyu, na hidimomin yau da kullum da na manyan ayyuka. Na farko ba ya jira. Albashin malaman firamare, wanda ake cirewa tun kuɗin ba su iso ba, da na ma'aikatan lafiya da na ofis, da fansho, da kason masarauta, da alawus na ciyaman da kansiloli, duk wajibi ne a ko wane wata. Na biyu shi ne mai haƙuri, shi ake tsakura idan ƙiyasi ya gaza. Ashe jerin babobin En'e bai mutu ba, sunaye kawai ya sake. Har wa yau akwai wata tawaya da ta keɓanta da babban birni, ita ce gwamnatin jiha ta ɗauki manyan ayyukan da kanta ta hannun hukumominta, irin su tsara gine-gine da kwashe shara da kula da manyan kasuwanni kamar Kantin Kwari da ta Sabon Gari. Wannan yana da hujja, domin kwata ba ta san iyakar Dala da Gwale ba. Sai dai ya bar ƙaramar hukuma da nauyi a takarda, ya ɗauke mata wuraren da kuɗi suke.

Ƙaramar hukumar Birni da Kewaye tana da mazaɓu 13, cikinsu akwai Yakasai da Zango da Jakara da Shahuci da Sharaɗa da Gandun Albasa, ko wace da kansila guda. Kansila shi ne mutumin hukuma mafi kusa da jama'a, kuma shi ne mafi ƙarancin iko a kan kasafi. Yana cikin majalisar da doka ta ce ita za ta amince da shi, amma mutanen mazaɓarsa ba kasafai suke zuwa masa da maganar babobi da lambobi ba. Suna zuwa da takardar asibiti, da katin ɗaurin aure, da kuɗin jarrabawar yaro. Shi ma ya gane cewa da wannan ake auna shi, sai ya mai da hankalinsa can. Ta haka bukatar unguwa, wadda ta kowa ce, take narkewa ta zama bukatun mutane ɗai-ɗai, waɗanda ba su da gurbi a littafin ƙiyasi.

Abin da kasafi ya bari, unguwa ce take ɗauka. Kafin damina ta kankama samari sukan fito da shebur da baro su yashe kwatoci, gama sun san abin da ruwan Agusta yake yi wa ginin ƙasa, balle yanzu da aka cike yawancin kududdufan da dā suke shanye ruwan birni aka yi gini a kansu. Idan katangar maƙabarta ta faɗi, a masallaci ake sanarwa bayan salla, a yi karo-karo. Idan taransifoma ta ƙone, kwamiti ake naɗawa ya bi gida-gida. 'Yan sintirin dare, da rumfar makarantar Islamiyya, da murfin kwalbati, duk daga wannan aljihu suke fitowa. Ana kiran wannan aikin gayya ko taimakon kai da kai. Gayya a asali aikin gona ce, inda maƙwabta suke taruwa su nome wa mutum guda, ya ciyar da su, gobe a koma gonar wani. Akwai ramuwa a cikinta. Gayyar birni ta ɗauki sunan amma ramuwar ta ɓace, domin wanda aka yi wa aikin, watau hukuma, ba ta zuwa gonar kowa. In aka duba da kyau, karo-karon nan haraji ne a wata riga. Bambancinsa da na dā shi ne ba tilas a cikinsa, mai biya yana ganin inda kuɗinsa suka tafi, kuma ma'ajin kwamiti maƙwabcinsa ne wanda zai haɗu da shi a sahun asuba. Aibinsa kuwa shi ne unguwar masu hali takan gyara kanta, ta marasa hali ta zauna yadda take, alhali daidaita irin wannan shi ne dalilin da ya sa ake da baitulmali tun farko.

A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun Tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya naɗa kantoma a madadinta. Hukuncin ya taɓa hanyar da kuɗi suke bi daga Abuja zuwa sakatariya. Bai taɓa ragowar tafiyar ba, daga sakatariya zuwa lungu, kuma kuɗin har yanzu daga sama za su zo. A wannan ragowar tafiya lokaci ma yana da nasa hukunci. Shekarar kuɗi ta En'e tana farawa ne ran 1 ga Afrilu, bayan an gama tara harajin kaka. Ta yanzu tana farawa ran 1 ga Janairu. Aikin kwata da kwalbati na rani ne, tilas a gama shi kafin ruwa ya sauka a Yuni. Kasafin da aka amince da shi a makare, aka saki kuɗinsa a Yuli, ya sami samarin unguwa sun riga sun yashe kwatar da hannunsu, ɗan kwangila kuwa sai ya jira Nuwamba.